Ranar da Mota ta Bar Alhaji Tsoho a Tasha

Motocin Alhaji Tsoho huɗu ne, farare masu koren zane a gefe, kuma a Anka ba wanda bai san kukan kowacce ba. Asalinsu guda ɗaya ce, wata tsohuwar bas da ya saya a Gusau bayan ya gaji da tuƙa wa mutane. A shekarar da gubar dalma ta faɗa wa yara a Sunke da ƙauyukan da ke kusa, bas ɗin nan ce ta yi ta jigilar iyaye mata da 'ya'yansu zuwa asibiti. Damina ta kama ta, ta kafe a laka, a tura ta, ta tashi ta ci gaba. Da kuɗi ko babu, Tsoho bai taɓa barin mai goyo a bakin hanya ba. Daga nan sunansa ya zauna a bakin mutane. Da Allah ya buɗa masa ya ƙara ta biyu, sai ya kama layin Gummi, har ya yi rajistar kamfani aka rubuta masa suna da fenti a jikin ƙofofi. Ba wanda ya taɓa kiran sunan. Motocin Tsoho kawai ake cewa.

Karima, 'yarsa ta uku, ita ke zama a ofis, wani ɗan shago a bakin tasha mai benci biyu da tebur da rediyo. Yayyenta maza ba wanda ya so warin fetur da giris, duk sun kama wasu sana'o'in. Ita kuwa tun tana ƙarama take leƙen inji idan bakanike ya buɗe. Da ta gama karatu a Gusau ta yi aure, mijinta Malam Idris mai koyarwa a sakandare bai hana ta zaman ofis ba.

Daga kan kujerarta tana ganin tasha gaba ɗaya, kuma abin da take gani kullum shi ne jira. Mota ba ta tashi sai ta cika. Nababa ɗan kamasho ya yi ta ihu, "Gummi, saura mutum ɗaya! Mutum ɗaya!" alhali rabin waɗanda ke zaune a ciki abokansa ne na zaman banza, da fasinja ya shigo sai ɗaya ya sulale ya fita. Mutum ya zo da sanyin safiya, sai rana ta take tsaka yana nan yana fifita da gefen riga. Ga shi tun da hanya ta lalace kowa yana son ya je ya dawo kafin la'asar ta yi sanyi, wanda ya tashi a makare kuwa ko dai ya kwana a Gummi ko ya dawo da zuciya a hannu.

Wata safiya Inna Aisatu, wata dattijuwar Bafulatana da ke kai nono da man shanu kasuwar Gummi, ta gaji. Ta sa aka sauko mata da ƙwaryarta, ta ɗaga faifai ta shinshina, ta girgiza kai. Ta zo bakin ofis ta tsaya.

"Ɗiyata," in ji ta, "ki gaya ma wancan mai ihu, nono ba ya jiran mutum ɗaya."

Ta aza ƙwarya a ka ta kama hanyar ruga da ƙafa. Karima ta bi ta da kallo har ta sha kwana, kuma yinin ranar maganar ba ta bar kunnenta ba.

Bayan la'asar ta sami mahaifinta a kan tabarma a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Ta gaishe shi, ta zauna a gefe, ta ce, "Baba, ina son motar safe ta riƙa tashi da an saki taken labarun safe a rediyo. Ta rana kuma da an sallame Azahar. Ko ta cika ko ba ta cika ba."

Alhaji ya ajiye carbi. "Mi kinka ce?"

Ta maimaita.

"Kujera wofi za ta sayi mai? Ko iska za mu ɗauka mu kai Gummi?"

"Baba, mutane da yawa sun daina hawa ne saboda jira. Ma'aikata kabu-kabu suke hawa. Matan ruga sun fara sayar da nono a nan a wulaƙance. In sun san lokacin tashi za su dawo."

"Tun ina yaron mota haka anka gada. Mota ta cika, ta tashi."

Karima ba ta yi musu ba. Washegari ta dawo da maganar, jibi ma haka, har Inna, mahaifiyarta, ta ce mata ta zama kamar ƙudan damina. A ƙarshe Alhaji ya ce ya ji, a gwada da motar Surajo har a yanke gero, in abin bai yi ba kada ta ƙara tayar masa da zancen.

Ranar da ya sanar a tasha, Nababa ya yi dariya har da riƙe ciki. "Alhaji, to in babban mutum ne ya makara fa? Ko wani daga cikin aminanka?"

Mutane sun taru suna kallo, shi kuwa Alhaji ba ya son a gan shi ya yi laushi a bainar jama'a. Ya ɗaga murya ya ce, "Ko ni Tsoho na makara, a tahi a bar ni!"

Ranar farko mota ta tashi da mutum uku da akuya. 'Yan tasha suka yi ta tafi suna ɗaga wa akuyar hannu. Surajo, direban da ya fi kowa daɗewa da Alhaji, ya leƙo ta taga ya dubi Karima kamar zai yi kuka, ya sa giya ya fita. Amma labari ya kai ruga. Cikin 'yan kwanaki Inna Aisatu ta aiko cewa ita da matan rugarsu ba sai sun shigo gari ba, za su riƙa jira a gindin wata tsamiya da ke bayan gari a kan hanyar Gummi, tunda yanzu sun san lokacin wucewar mota. Malaman makaranta biyu suka fara hawa, sai wata ma'aikaciyar asibiti. Karima ta riƙa zuwa ofis da sauri kamar mai zuwa biki, tana murɗa rediyo tun kafin ta zauna.

Sai dai mutanen gari ba su yarda da gaske ake yi ba, kuma laifin na Alhaji ne. Mutum ne da ba ya iya cewa a'a. Wani amininsa ya buga masa waya ya ce yana hanya, sai shi kuma ya buga wa Surajo ya ce, "Ɗan dakata wa Malam, ga shi nan tahe." A saki take, a gama labarai, a shiga gaishe-gaishe, mota tana tsaye, matan ruga suna can a rana. Aka fara cewa a gari dokar Karima ta talaka ce kawai. Ma'aikaciyar asibitin ta koma hawan kabu-kabu. Ga gero ya soma ja a gona.

Ana cikin haka aka sa ranar ɗaurin auren Surayya, 'yar ƙanin Alhaji, a Gummi, kuma Alhaji ne waliyyi. Inna da sauran mata sun riga sun tafi tun kwana biyu. A ranar, Alhaji ya iso tasha da wuri cikin farar shadda sabuwa fil, ya sa aka ajiye huhun goro da kwalin alewa a kujerar gaba, sannan ya tuna hularsa tana wurin mai wankin hula a bayan masallaci. Ya ce yanzu zai dawo. Karima, wadda ita ma da motar za ta bi, ta bi shi da ido, don ta san mahaifinta bai taɓa yanke gaisuwa ba, kuma tsakanin tasha da masallaci akwai masu shago sun fi a ƙirga.

Ta rufe ofis ta shiga mota ta zauna a bayan direba. Surajo ya kunna rediyon mota. Ana talla. Ta leƙa hanya, babu Alhaji. Aka gama talla, aka yi ɗan shiru, sai ga taken labarai ya cika motar.

Duk fasinjojin suka juyo suna kallonta. A waje masu shayi da masu faci sun bar abin da suke yi. Nababa ya jingina da ƙofa yana murmushi, ya ce, "To, Hajiya ƙarama, yau za mu ga ƙarshen wasan."

"Alhaji bai zo ba," in ji Surajo a hankali, bai ko juyo ba.

"Na gani, Kawu."

"Shi ne waliyyi fa."

Karima ta sake leƙa hanya. Alhaji ubanta ne. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ba ta taɓa wucewa ta gabansa da takalmi ba. Ta kuma san in motar nan ta tsaya yau, gobe ba ta da bakin ce wa kowa ya zo da wuri, kuma can a gindin tsamiya akwai mata da ƙore a ƙasa suna kallon hanya.

"Kawu Surajo, da bakinsa ya faɗa a gaban kowa. Mu tafi."

"Inna lillahi! Karima, shekara nawa ina cin abinci a hannun mutumin nan?"

"In ya yi faɗa ni zai yi wa. Bismillah."

Surajo ya yi salati, ya taka kuloci, ya sa giya. Mota ta motsa. Murmushin Nababa ya ɓace, ya yi tsalle gefe yana ihu, "Kai! Kai! Da gaske suke! Jama'a, sun bar Alhaji!"

Kafin su fita daga ƙofar tasha motar ta kaure. Wani ɗan kasuwa ya fiddo waya yana faɗa wa wani, "Wallahi ina ciki! Goronsa ma ga shi nan a gaba, shi ne babu!" Wata tsohuwa tana tafa hannu tana salati, wani malami yana dariya har hularsa ta faɗi. Mutanen bakin hanya suna ganin kujerar gaba da huhun goro zaune shi kaɗai, suna nuni. Surajo yana tuƙi yana karanta duk addu'ar da ya sani, gumi yana bin wuyansa. Karima kuwa ta rasa abin da take ji, rabin zuciyarta yana son ta yi guɗa, rabi yana son ƙasa ta tsage ta shige.

A gindin tsamiya matan ruga suka miƙe da murna ganin mota ta zo a kan kari. Ana cikin jera ƙore a bayan mota ana tokare su da gammo, sai wani fasinja ya ƙwala ihu, "Ga shi nan! Ga Alhaji nan!"

Kowa ya juya. An yi ruwa kwanan baya, hanya duk tabkuna, ga kuma kabu-kabu tafe a guje yana keta su, a bayansa Alhaji Tsoho ya riƙe hula da hannu ɗaya, babbar riga ta cika da iska kamar za ta ɗaga shi sama. A bayansu kuma babura ne jere, 'yan tasha ne da masu shago da suka rufe kasuwancinsu don kada a ba su labari, Nababa a gaba yana ɗaga hannu.

Babur ya tsaya. Alhaji ya sauko a hankali. Farar shaddar ta sha jar laka daga ƙafa har gwiwa, har da ɗigo a kafaɗa.

"Wa ya ce a tashi?"

Surajo ya buɗe baki, amma Karima ta riga shi. Ta fito ta durƙusa a kan ciyawa. "Ni ce, Baba."

Ya daɗe yana kallonta. Ba ta ɗaga kai ba, takalmansa kawai take gani, su ma duk laka.

Sai muryar Inna Aisatu ta fito daga cikin mota, a natse, da gaisuwar Fulani, kamar ba abin da ya faru. "Alhaji, jam waali. Shigo mana, kana makarar da mu."

Wani ya tuntsire da dariya ya toshe baki da hula. Alhaji ya dubi tsohuwar, ya dubi taron, ya tattara rigarsa ya shiga gaba, ya ɗora huhun goro a cinya. Ya ce wa Surajo, "Mi kake jira?" Suka wuce Daki Takwas, suka wuce shingen jami'an tsaro, har suka hango rufin kwanon Gummi, ƙeyarsa kawai Karima take kallo.

Labari ya riga su isa. Tana shiga gidan biki Inna ta ja ta ɗaki ta rufe ƙofa.

"Ke Karima! Uban naki kinka bari tsaye a tasha kamar baƙo? A ranar da zai ba da aure? Wane irin karatu ne wanga kinka yi?"

"Inna, shi ya ce…"

"Shi ya ce! Namiji in yana gaban mutane mi ne ne ba ya cewa?"

Aka kawo mata waina da miya, ta kasa ci. Tana zaune a tsakar gida aka ɗaura aure a waje, aka shafa fatiha, mata suka rangaɗa guɗa. Can sai ta ji wata irin dariya ta maza ta tashi daga ƙofar gida, ta lafa, ta sake tashi fiye da ta farko. Ta matsa kusa da zaure ta kasa kunne. Muryar mahaifinta ce.

"…ina tahe da hulata, na ce bari in gaida mai goro, sai na ji tasha ta ɗauki ihu. Na duba, motata ce, wadda na saya da gumina, ga bayanta can tana ba ni ƙura! Ku dubi rigata! An ce in sake, na ce ba ni sakewa, kowa ya gani. Duk ƙasar nan ku nuna mini wani mai mota da motarsa ta taɓa barinsa. Ni kaɗai ne! To wanda ke son ya isa inda za shi, ya san motar da zai hau."

Maroƙi ya karɓe zancen nan take, ya shiga kirarin mota mai barin mai ita. Karima ta jingina da bango, dariya da hawaye suka zo mata tare. Inna da ta biyo ta ta tsaya tana saurare, ta ja tsaki ta ce, "Ke da ubanki duk kanku ɗaya," amma gefen bakinta yana motsi.

Da za su koma da motar Azahar, Alhaji ya kira ta gefe.

"Kin kunyata ni yau."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Da kin jira ni, da na ji daɗi yau, da an yanke gero kuma in rufe zancen. Na sani." Ya karkaɗe busasshiyar laka daga hannun riga. "Amma fushina bai huce ba. Gobe ki dama hura da kanki ki kawo mini, mai nono da yawa, sannan mu gani."

Washegari da Karima ta iso tasha sai ta ɗauka wani abu ya faru. Mutane ne cike a bakin ofis tun rana ba ta gama fitowa ba, da buhuna da kaji da jarkoki, kowa yana tsoron a bar shi. Malam aminin Alhaji, wanda aka saba jira, yana zaune a kan benci da jakarsa a cinya. Mota ta cika tun ana talla, kuma a karon farko sai fasinja ne suka zauna suna jiran take. Da aka sake shi, motar gaba ɗaya ta ɗauki kabbara.

Ba a rasa rigima ba. Wasu direbobin tasha suka kai ƙara wurin shugabannin ƙungiya cewa motocin Tsoho suna kwashe musu fasinja ba a kan layi ba. Aka yi zama biyu masu zafi, a ƙarshe aka yanke cewa su riƙa lodi a ƙaramar ƙofa ta gefen masu faci. Karima ta sa aka kafa rumfar kwano a wurin da randar ruwa. Nababa ya yi kwanaki yana kewaye rumfar, sannan wata safiya ya zo yana sosa ƙeya ya ce ko akwai aikin da mai murya zai iya yi. Ta ba shi sayar da tikiti, da sharaɗin kada ta ƙara jin "saura mutum ɗaya" a bakinsa. Kafin kaka ta wuce duk motocin huɗu sun koma tashi a kan lokaci, direbobi biyu daga cikin masu ƙarar ma sun fara kunna rediyo.

Bayan ƙaramar salla wasu dattawa suka zo daga Bukkuyum, jagoransu wani malamin allo daga Yargalma mai suna Malam Magaji. Suka zauna a rumfa suka sha ruwa, suka ce sun ji abin da ake yi wa mutanen Gummi, su ma 'yan Adam ne, matansu masu zuwa awon ciki da ɗalibansu suna kwana a hanya. Alhaji ya ce hanyarsu tana cin taya, kuma ba shi da motar da zai ware. Malam Magaji ya ce su dai sun kawo kuka gidan da ake share hawaye. Alhaji ya juya ya dubi Karima, ya ga yadda idonta ke ƙyalli, ya ce, "Kada ma ki fara." Ta fara a yammacin ranar.

Sabuwar motar ta iso daga Kano da kujerunta a cikin leda. Surajo ya ce shi zai buɗe layin da kansa, ya bar wa wani na Gummi. Ranar tafiyar farko Karima ba ta samu zuwa ba, aiki ya riƙe ta a ofis, sai zagaye take yi tsakanin tebur da rumfa tana duba waya. Da hantsi wayar ta yi ƙara. Ta ɗauka ba ta jin komai sai ganga da guɗa da hon ɗin babura.

"Kawu Surajo? Kun isa?"

"Mun isa!" Yana ihu ne don ta ji. "Tun daga bakin gari sunka tare mu! Sun ɗaura wa motar ganye, wata tsohuwa ta ba ni zakara! Karima, ba na iya ko buɗe ƙofa!"

"To ka samu ka buɗe, Kawu, ka yi lodi. Da an sallame Azahar ka taso."

Ta ajiye wayar, ta fita rumfa da gudu ta faɗa wa mahaifinta. Alhaji ya yi hamdala, ya sa aka sayo wa duk wanda ke zaune a wurin shayi da burodi.